Rundunar da Kowa Ke Faɗin Rabin Labarinta

Duk shekara idan 10 ga Nuwamba ta zagayo, mutanen Indonesiya kan yi bikin Ranar Jarumai. Suna tunawa ne da dubban 'yan uwansu da suka mutu a birnin Surabaya a 1945, lokacin da jiragen ruwa da na sama da tankokin yaƙi suka yi wa garin ruwan wuta. A Landan kuma, a 2013, gidan adana tarihin sojojin Birtaniya ya shirya zaɓen yaƙin da ya fi kowanne girma a tarihin ƙasar, gumurzun Imfal da Kohima na 1944 ya zo na ɗaya, ya shiga gaban Waterloo. Abin da ba a cika haɗawa a faɗa ba shi ne, akwai rundunar da ta halarci wuraren nan biyu. Ita ta tare Japanawa a tsaunukan arewa maso gabashin Indiya, ita ce kuma bayan wata 19 ta bi Surabaya lungu-lungu tana fatattakar samarin da ke neman 'yancin ƙasarsu.

Sunanta Runduna ta 5 ta Sojojin Ƙasa na Indiya. Tambarinta jan da'ira ne a kan baƙin ƙyalle, shi ya sa ake yi mata kirari da Dunƙulen Wuta. Ta gwabza da Italiyawa, ta gwabza da Jamusawa, ta gwabza da Japanawa, kuma rundunonin da za su iya wannan tutiya ba su da yawa. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake ba da labarinta. Baturen Ingila in ya ɗauko, yana kaiwa Kohima ko Singafo sai ya rufe littafi. Ɗan kishin ƙasa a Indiya ya daɗe yana kawar da kai, don a wurinsa waɗannan karnukan farautar Bature ne. Mutumin Indonesiya kuwa bai san su da komai ba sai wutar da suka kawo masa. Ni a ganina duk wanda ya yanki ɓangaren da ya yi masa daɗi ya bar saura, ya zalunci mutanen da suka yi tafiyar da ƙafafunsu, kuma ya ɓoye mana abin da ya kamata mu gane game da ɗaukar bindiga a ƙarƙashin mulkin wani.

An kafa rundunar a 1939 a Sikandarabad, cikin Indiya. A shekarar ne, ranar 3 ga Satumba, wakilin Sarkin Ingila a Indiya, Lord Linlithgow, ya sanar cewa ƙasar ta shiga yaƙi da Jamus, ba tare da ya nemi shawarar ko da shugaba ɗaya daga cikin 'yan ƙasa ba. Gwamnatocin lardunan da jam'iyyar Congress ke riƙe da su suka ajiye aiki don nuna fushi. Duk da haka sojan Indiya ya kumbura daga kimanin mutum 200,000 zuwa miliyan 2.5 kafin yaƙin ya ƙare, kuma babu dokar shiga soja dole. Turawa na ƙaunar maimaita wannan, su ce ba a taɓa tara sojan sa kai mai yawan haka ba. Gaskiya ne, amma yunwa ma tana sa mutum ya sa kai. Saurayin ƙauye a Punjab yana ganin albashi, da kaki, da abinci sau uku, da fansho, wataƙila har da gona a gefen magudanan ruwan da gwamnati ke raba wa tsofaffin sojoji. Sai dai in na ce ciki ne kaɗai ya kai su, na yi musu ƙarya. Akwai gidajen da kaka ya yi bataliyar, uba ya yi ta, ɗa kuma ba shi da bakin cewa a'a. Suna da kalmomi biyu da suke rantsuwa da su. Ɗaya izzat, wadda tushenta ɗaya da izzar da muka aro daga Larabci, wato martabar mutum da ta gidansu da ta bataliyarsa. Ɗayar namak, gishiri: wanda ka ci gishirinsa ba ka juya masa baya. Mu ma mun san wannan, mu ne masu cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Yadda aka ɗinka rundunar ma darasi ne. Da ta sauka Sudan a watan Satumban 1940 ƙarƙashin Manjo Janar Lewis Heath, birged biyu gare ta, bataliyoyi shida duk na Indiyawa. Sai aka kawo bataliyoyin Turawa uku da ke zaune a Sudan, aka sake rabo zuwa birged uku, kowace da bataliyar Turawa ɗaya da ta Indiyawa biyu. Wannan tsohuwar dabara ce tun bayan boren 1857, lokacin da sojojin Indiya suka juya bindigoginsu kan iyayengijinsu: kada a bar 'yan ƙasa su kaɗai, kuma manyan igwa su fi zama a hannun Bature. Cikin bataliyar Indiyawan ma sau da yawa kamfani-kamfani ake raba su, nan Sikh, nan Musulmin Punjab, nan Dogra ko Jat, don in ɗaya ya yi tunanin bore ɗayan ya ƙi bin sa. Tsakanin kurtu da hafsa Bature akwai jamadar da subedar, dattawan soja 'yan ƙasa waɗanda suka san kowane yaro da sunan ƙauyensu, amma sabon laftanar da ya baro makaranta jiya a Ingila yana gaba da su. Tun daga Heath har zuwa Mansergh da ya kai ta Surabaya, duk wanda ya shugabanci rundunar a yaƙin nan Bature ne.

Wannan tsarin ba baƙonmu ba ne. Turawa sun ƙirƙiro ra'ayin cewa wasu ƙabilu an haife su ne don yaƙi, wasu kuma don alƙalami ko noma, suka riƙa ɗibar soja daga na farkon. Lugga, wanda aka haifa a Madras, ya yi aikin soja a Indiya da Bama kafin ya zo ya harhaɗa rundunar Afirka ta Yamma a 1897. A tsarinsu Bahaushe na cikin masu jinin yaƙi, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fasa ganuwar Kano suka shiga Sakkwato a 1903 da Hausa ake ba su umarni. Saboda haka in ina maganar sojan Punjab, ba daga kan tudu nake leƙensa ba.

A Gadarif rundunar ta kafa hedikwata, garin da yau Hausawan Sudan suka sani sarai. Karonta na farko a Gallabat, kan iyakar Habasha, a Nuwamban 1940, bai yi kyau ba. Birged ta 10 ƙarƙashin William Slim ta ƙwace ganuwar, amma tankoki suka lalace a kan duwatsu da nakiyoyi, jiragen Italiya suka yi ta luguden bama-bamai, har wasu daga cikin bataliyar Turawan suka firgita suka ja da baya. Na kawo wannan ne don a ga cewa tsoro ba shi da launin fata, duk da abin da littattafan bariki ke koyarwa a lokacin. Wata uku bayan haka, a kan hanyar da ta wuce ta Gallabat, wani ƙaramin laftanar ɗan shekara 22 mai suna Premindra Singh Bhagat ya yi kwana huɗu yana gaba yana tone nakiyoyi, mil 55, filayen nakiya 15. Sau biyu motarsa na tashi da shi, dodon kunnensa ya fashe, aka ce ya huta ya ƙi, ya ce shi ya riga ya gane yadda Italiyawan ke binne su. Shi ne Ba'indiyen farko da ya sami Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta Birtaniya, a yaƙin.

Sai Keren, a Eritiriya, inda aka yi kusan wata biyu daga farkon Fabrairu zuwa 27 ga Maris 1941. Hanya ɗaya ce ke shiga garin, ta cikin wani matsatsin kwazazzabo, Italiyawa sun fasa dutse sun toshe ta, sun hau kan tsaunukan da ke kewaye sun kafa igwa. Runduna ta 4 da ta 5 suka riƙa hawa suna gangarowa, cikin zafin da ke gasa dutse, ruwan sha da harsashi duk a kai ko a bayan alfadari ake hawa da su. Birged ta 9 ta ƙwace ganuwar Dologorodoc cikin dare a tsakiyar Maris, ta riƙe ta duk da farmakin da aka yi ta kawo mata, har masu aikin injiniya suka share duwatsun hanya ana harbinsu. An rasa sama da mutum 500, fiye da 3,000 suka ji rauni. Asmara ta faɗi 1 ga Afrilu, Massawa 8 ga wata, aka buɗe Bahar Maliya ga jiragen dakon kaya na Amurka. A watan Mayu rundunar na Amba Alagi lokacin da babban wakilin Italiya, Duke na Aosta, ya miƙa wuya.

Ku duba waɗanda suka yi wannan yaƙin. A kan tsaunukan Keren, mafi yawan masu harbin Indiyawa askarawa ne, wato 'yan Afirka da Italiya ta ɗauka aiki. Daga arewa akwai bataliyar da ta taso daga Chadi ƙarƙashin tutar Faransa mai 'yanci. Daga kudu kuma birged ta 23 ta Najeriya ta shiga Mogadishu a ƙarshen Fabrairu, ta yi tafiyar ɗaruruwan mil zuwa Jijiga da Harar cikin makonni kaɗan. Talakan Punjab na harbin talakan Eritiriya, talakan Chadi na taya shi, don a san ko Rum ce ko Landan za ta yi iko da ƙasar da ba ta ɗayansu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Nan ne mai cewa sojojin haya ne kawai zai ce to ka gani. Ban yarda mu tsaya nan ba. Italiyar da aka kora ita ce ta watsa wa Habashawa iskar guba a 1935 da 1936, ita ce ta yi kisan kiyashi a Addis Ababa a Fabrairun 1937. Haile Selassie ya koma gadonsa ranar 5 ga Mayu 1941, kuma jinin da aka zubar a Keren na cikin abin da ya share masa hanya. Ko da wane dalili ya sa saurayin ya shiga soja, ƙasar Afirka guda ta fita daga hannun 'yan fasist da taimakonsa. Wannan ya faru, kuma ƙin Bature ba zai goge shi ba.

Zaman rundunar a hamadar Libiya da Masar ba na son jan sa. An daddatsa ta birged-birged ana tura kowace inda wuta ta fi ci, Rommel, kwamandan Jamusawa, ya yi mata mummunar ɓarna a Gazala a Yunin 1942, ta tsaya a tudun Ruweisat a Yuli lokacin da aka taka wa Jamusawa birki a El Alamein, aka kai ta Iraƙi, daga nan aka maido ta gida a 1943 don ta koyi yaƙin daji.

Gidan da ta tarar yana cikin masifa. A shekarar ne yunwar Bengal ta kashe mutum kimanin miliyan 3. Shinkafar Bama ta yanke tun da Japan ta mamaye ta, hukuma ta ƙwace kwale-kwale da shinkafar mutanen gaɓar teku don kada abokan gaba su amfana, farashi ya yi tashin gwauron zabi, aka fifita ciyar da Kalkata da bariki, gwamnatin Churchill kuma ta yi ta jan ƙafa kan jiragen hatsin da aka roƙa. Hanyar zuwa fagen daga a Arakan, yammacin Bama, ta cikin Bengal take bi. Ina yawan tunanin sojan da ke cikin jirgin ƙasa, cikinsa a ƙoshe, yana leƙen mata da yara da suka zama ƙashi da rai a tashoshi, yana kan hanyarsa ta zuwa kare mulkin da ya bari haka ta faru. An ba da labarin sojojin da suka riƙa miƙa rabon abincinsu ta taga. Me kuma za su iya?

A Arakan, Fabrairun 1944, Japanawa suka zagaye Runduna ta 7 a wani filin ajiye kaya, inda akawu da kuku da masu kiwon alfadarai suka ɗauki bindiga. Maimakon gudun da aka saba, aka ce kowa ya tsaya inda yake, jirage za su riƙa jefo abinci da harsashi. Runduna ta 5 ta fasa ta mashigar Ngakyedauk ta buɗe hanya. A daidai lokacin, can gabas a kwarin Kaladan, Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ce ke tsare musu gefe, samari daga Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, da yawansu kaya a ka. Kwamanda ɗaya ke ba su umarni duka.

Ba su huta ba sai ga babban farmakin Janar Mutaguchi na Japan kan Imfal da Kohima, da mutum kusan 85,000. A cikin Maris aka kwashi Runduna ta 5 ɗungurungum a jiragen sama, da igwa da alfadarai, aka sauke birged biyu a Imfal, ta 161 kuma aka tura ta wajen Kohima. A kan tudun Kohima mayaƙa kimanin 1,500, cikinsu har da bataliyar Royal West Kent da sojojin Assam da wani kamfanin Rajput, suka yi kusan mako biyu cikin ƙawanyar runduna guda ta Japan. An matse su har ya zama filin wasan tanis na gidan jami'in gunduma ne kaɗai tsakanin ramukan ɓangarorin biyu, ana jifan juna da gurneti. Igwa ta Indiyawa da ke Jotsoma ce ke kare su, kuma bataliyar Punjab ce ta fasa ta iso gare su ranar 18 ga Afrilu. Mutanen Naga, masu ƙasar da aka ƙone wa ƙauyuka, su suka yi dako da leƙen asiri da ɗaukar masu rauni.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a kusa da Imfal. Ranar 13 ga Afrilu aka tura bataliyar Dogra da tankokin Turawa su ƙwato tudun Nungshigum, wanda ke leƙen filayen jiragen sama. Bayan tudun siriri ne, dole kwamandan kowace tanka ya fito da kansa waje don ya ga hanya, Japanawa suka yi ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Kafin a jima babu sauran hafsa a tsaye, na tankoki da na ƙasa. Sai wani samanja Bature mai suna Craddock da Subedar Ranbir Singh suka haɗa kai suka ƙarasa aikin, aka ci tudun. Shekara da shekaru ana cewa Ba'indiye jarumi ne amma ba ya iya jagoranci sai da Bature a gabansa. Mako guda kafin nan, ranar 6 ga Afrilu, Jamadar Abdul Hafiz na bataliyar Jat ya ja 'yan mutanensa suka hau wani tsiraran gangare ba inda za a fake, ya kama bakin mashinga da hannu ya ɗaga shi sama har abokinsa ya kashe mai harbin, ya ci gaba da kora da rauni a jikinsa har ya faɗi. Bayan ransa aka ba shi Victoria Cross. Ranar 22 ga Yuni sojojin rundunar suka haɗu da na Runduna ta 2 ta Turawa a kan hanyar Imfal zuwa Kohima, ƙawanya ta ƙare. Japan ta yi asarar sama da mutum 50,000, da yawa yunwa da ciwo ne suka kashe su.

To ga inda maganar ke da wuya. Washegarin Nungshigum, 14 ga Afrilu, wasu Indiyawan na dabam suka kafa tutar 'yanci a Moirang, kudu da Imfal. Su ne sojojin Subhas Chandra Bose, yawancinsu fursunonin da Japan ta kama a Singafo a 1942, waɗanda suka yarda cewa maƙiyin Bature abokin tafiya ne. Ɗan Punjab a nan, ɗan Punjab a can, kowa na cewa don Indiya yake yi. Yau Bose ne gwarzo, da sunansa a filin jirgin saman Kalkata. Ina girmama kishinsa, amma ba zan ɓoye ra'ayina ba: da Mutaguchi ya ci nasara, da Indiya ta ga abin da ya fi mulkin Ingila muni. A tambayi mutanen Nanjing na ƙasar Sin. A tambayi dubun-dubatar leburorin Asiya, cikinsu har da Tamilawa, da suka mutu wajen shimfiɗa layin dogo tsakanin Tailan da Bama. A tambayi mazauna tsibiran Andaman, waɗanda suka sha azabar Japanawa har bayan da aka ce an miƙa wa gwamnatin Bose tsibiran. Gaba kura baya sayaki, kuma Abdul Hafiz da Ranbir Singh sun tsaya ne a gefen da ya fi dama-dama, ko sun lissafa haka ko ba su lissafa ba.

Da labarin ya ƙare a nan da na huta. Rundunar ta bi hanyar Tiddim cikin damina da zazzaɓi, ta gangara tsakiyar Bama, ta sauka Singafo a farkon Satumban 1945. Yaƙi ya ƙare, kowa na ƙirga kwanakin komawa ga iyalinsa. Sai aka ce su hau jirgi zuwa Java.

Indonesiya ta ayyana 'yancinta tun 17 ga Agusta, Holan da ta yi mata mulkin mallaka kuma na son dawowa amma ba ta da sojan da za ta dawo da shi. A takarda aikin Birtaniya shi ne karɓar makaman Japanawa da kuɓutar da fursunoni, kuma adalci ne in ce akwai dubban mata da yara a sansanoni da rayuwarsu ke cikin haɗari na gaske, an kuma kashe wasunsu. Amma mutanen Surabaya sun ga jami'an Holan na biye da baƙin, sun san inda aka dosa. Birged ta 49, ta wata rundunar dabam, ta sauka ƙarshen Oktoba, jirgi ya watsa takardun cewa kowa ya miƙa makaminsa, gari ya kama da wuta, aka kashe kwamandan birged ɗin, Birgediya Mallaby, ranar 30 ga wata. Sai aka kawo Runduna ta 5 da ƙarfinta. Mansergh ya ba da wa'adi ranar 9 ga Nuwamba, washegari aka buɗe wuta. Malaman ƙungiyar Musulunci ta Nahdlatul Ulama sun riga sun ba da fatawar cewa kare ƙasa wajibi ne, Sutomo, wani jagoran masu gwagwarmaya, na rediyo yana kabbara yana kiran samari. Mako uku ana yi. Mafi ƙarancin ƙiyasi ya ce 'yan Indonesiya 6,000 suka mutu, wasu sun ninka wannan fiye da sau biyu, da yawansu gora mai tsini ce makaminsu.

Babu wani sabon hali da ya shigi rundunar tsakanin Kohima da Surabaya. Biyayyar nan ce, da horon nan, da izzat da gishirin nan. Abin da ya sa mutum ya ƙi barin raminsa a gefen filin tanis shi ne ya sa ya bi umarnin harba igwa cikin unguwar talakawa. Wannan shi ne abin da mai yanke labari a Kohima ba ya so mu gani: an gina rundunar ne don ta yi aiki da kyau a duk inda aka nuna mata, kuma mai nunin ba ya neman yardar mutanenta, balle ta waɗanda ake harbi. Sa'a ce ta sa a 1941 da 1944 buƙatar Landan ta zo daidai da maslahar Habasha da ta Indiya. A 1945 ta saɓa, injin bai ko yi tari ba.

Za a ce soja ba ya zaɓar yaƙinsa. Haka ne, kuma kaso mafi tsoka na alhakin Surabaya yana wuyan waɗanda suka zauna a ofis suka yanke shawara. Amma ba zan wanke kowa tas ba, saboda akwai waɗanda suka zaɓa. Ɗaruruwan sojojin Indiya, akasarinsu Musulmi, da suka ji kabbara na tashi daga ɓangaren da aka ce su harba, sun sulale da bindigoginsu suka koma wajen 'yan Indonesiya, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka sake ganin gida. A can Indiya Nehru na jam'iyyar Congress da Jinnah jagoran masu neman Pakistan, da ba su cika haɗuwa a kan magana ɗaya ba, duk sun yi tir da amfani da sojan ƙasarsu wajen maido wa Holan mulki. Kwana biyar kafin a buɗe wa Surabaya wuta aka fara shari'ar hafsoshin Bose uku a Jan Ganuwa ta Delhi, Musulmi da Hindu da Sikh, ƙasa ta ɗauki zafi har dole aka sake su. A Fabrairun 1946 sojojin ruwa suka yi bore a Bombay. Turawa suka fahimci gishirin ya kusa ƙarewa, kuma ina cikin masu ganin wannan fahimtar ta gaggauta tafiyarsu fiye da yadda ake faɗi.

Aka raba Indiya a Agustan 1947, aka raba sojan kamar kayan gado. Rejimantin Punjab ta 1, wadda bataliyarta ta fasa ƙawanyar Kohima, ta faɗa rabon Pakistan. Birged ta 161 ta zauna a Indiya, kuma kafin shekarar ta fita tana Kashmir tana yaƙi. Daga nan mazan jiyan suka zama marayu. Sabuwar Indiya na neman gwarazan da suka yaƙi Bature, Pakistan na fara lissafinta daga 1947, Ingila kuma sai a 2002 ta gina wata ƙofar tunawa da sojojin ƙasashen da ta mallaka a Landan, shekara 57 bayan yaƙin. A Delhi, Ƙofar Indiya ta mamatan Yaƙin Duniya na Ɗaya ce, sabon dandalin da aka buɗe a 2019 kuma sunayen waɗanda suka mutu bayan samun 'yanci ne a jikinsa. Mutum kusan 87,000 da suka mutu a Yaƙi na Biyu sun faɗa tsakani.

Mu ma kusan haka muka yi da namu. Ina yaro akwai wani tsoho mai gadi a unguwarmu, ɗan Bama muke ce masa, lambobinsa na cikin gwangwani, in ya fara labarin daji da Japan sai mu yi ta dariya muna cewa yaƙi ya taɓa masa kai. Ban taɓa tambayarsa sunan kogi ɗaya da ya ƙetare ba, har ya rasu. Mutum zai wuce barikin Dalet a Kaduna ko na Chindit a Zariya ko na Dodan a Legas shekara talatin bai san daga Bama sunayen suka zo ba. Ba ina kira a yi wa rundunar mulkin mallaka biki ba ne, don tutar da ta shiga Mogadishu ita ce ta shiga Satiru a 1906. Abin da nake so shi ne jikokin mutanen nan, a Punjab ko a Katsina, su karɓi labarin daga hannun Bature su riƙa ba da shi da kansu, da Keren ɗinsa da Surabayarsa, su ambaci mutum da sunansa da abin da ya yi, a bar ɗora fure a kan tambarin runduna.

Abdul Hafiz ɗan Kalanaur ne, a gundumar Rohtak. Shekara uku bayan mutuwarsa Musulmin yankin suka kwashe suka yi hijira zuwa Pakistan, garin ya zauna a Indiya, cikin jihar Haryana ta yau. Kabarinsa na Imfal, a maƙabartar sojojin Indiya, nesa da garin da aka haife shi, nesa da inda mutanensa suka koma, kuma hukumar kula da kaburburan yaƙi mai hedikwata a Ingila ce ke biyan mai share ciyawar wurin.